Jar Hular Zakara

Gatanan gatananku! Ta zo mu saurara.

Zaki ya naɗa Zakara shugaban ma'aikatan gonarsa, mai tashin kowa da asuba, ya ɗora masa jar hula. Da wahala ta ishi jakunan gonar, suka kafa ƙungiya, suka zauna da Zaki har ya ba su hutun Juma'a.

Zakara ya zo wurinsu a gajiye ya ce, "'Yan uwa, ku sa ni cikinku. Shekara bakwai ban huta ba."

Tsohon Jaki ya ce, "Ranka ya daɗe, mai jar hula ai na Zaki ne."

Zakara ya koma wurin Zaki neman hutu. Zaki ya yi hamma ya ce, "Da ƙungiya nake magana. Ina taka?"

Shi ya sa har yau, ko ranar Juma'a, Zakara ke cara shi kaɗai, jakuna na minshari.

Ƙurunƙus! Nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.