Rijiyar da Mai Waya Ya Rufe

Ku matso ku kasa kunne, domin in na kai ƙarshe sai kowannenku ya yanke hukunci, kuma ba zan karɓi "Allah ne masani" a matsayin amsa ba.

A zamanin Turawa, wani Baturen Ingila mai suna Mista Radli ya sauka Rafin Dinya da matarsa da 'yarsu ƙarama, Hilda. Ba mulki ya kawo shi ba, noma ya zo yi. Aka nuna masa fadamar gari da gonakin da ke kewaye da ita, aka ce masa daji ne. Daji! Ƙasar da mutane ke ci tun kakannin kakanni. Ya zagaye ta da waya mai ƙaya, shi ya sa gari ya raɗa masa suna Mai Waya. Bai saya ba, ba a ba shi aro ba. A kira abin da sunansa: ƙwace ne. Har yau kuma babu wanda ya zo ya ba jikokin mutanen nan haƙuri, balle ya mayar musu da abinsu, alhali wajibi ne a mayar.

Cikin abin da wayar ta haɗiye akwai gonar wani dattijo, Cindo, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa a tsakiyarta. Baƙin ciki ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba. Ya bar 'ya'ya uku: Nomau babba, sai Tunau, sai autarsu Dije.

Nomau ya rantse ba zai sake taka ƙasar ba muddin wayar na tsaye. Tunau, yunwa ta kai shi leburanci a gonar ubansa, inda ya sha bulala a kan ya tsinki kuɓewa a kunyar da ya taɓa nomewa yana yaro. Dije kuwa aka ɗauke ta raino a gidan Bature. Ta tsani gidan, ta tsani ƙarar takalmin mai gidan, amma yarinyar nan Hilda ta shiga ranta ba da izininta ba. A bayanta ta yi wayo, a bakinta ta koyi Hausa.

Rijiyar Cindo ta tsaya wa Mai Waya a hanyar garmar shanunsa, tana karya masa layi. A garin nan, in za a rufe rijiya, da azarar giginya ake rufewa, domin gara ba ta cin ta, sannan a dasa ƙaya a kai don mai wucewa ya kauce. Shi bai tambayi kowa ba. Ya sa aka shimfiɗa katakon akwatunan da ya zo da kaya daga Ingila, aka zuba ƙasa, aka shuka gyaɗa a kai. Layi ya miƙe, ransa ya yi fari. Gara kuwa tana ƙarƙashi tana aikinta.

Wata rana da hantsi, tsakiyar damina, uwar Hilda ta aiki Dije wanki. Kafin ta dawo yarinya ta ɓace. Uwar ta fito tana ihu, ba ko takalmi. Mai Waya ya tara leburori ya kora su rafi gaba ɗaya, ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya fito masa da 'yarsa da rai, ya ba shi tsohuwar gonar Cindo.

Dije ba ta bi su rafi ba. Ta san yarinyar na tsoron ruwa, ta kuma san tana son bin fara cikin gyaɗa. Ta juya za ta shiga gona, Mai Waya ya sha gabanta.

"Na ce rafi! Ke kurma ce?"

"Ka dake ni in na dawo," in ji Dije, ta wuce.

Ya kai mata bulala a kafaɗa, ba ta waiwaya ba. Ta bi kunya-kunya har inda ƙafarta ta tuna, wurin da ta yi shekaru tana ja wa babanta guga. Ta tarar ƙasa ta rufta. Ta kwanta rub da ciki ta kira sunan yarinyar, sai ta ji wata 'yar murya can ƙasa tana cewa, "Dije, sanyi." Da ta bi umarni, da har yamma ana laluben rafi.

Jama'a suka taru, amma ba mai iya matsawa. Duk wanda ya kusanci bakin ramin sai ƙasa ta zube a kan yarinyar. Dije ta sheƙa gida wurin Nomau.

"Yaya, azara! Rijiyar Baba ta ci yarinya."

"'Yar wanda ya kashe Baba? Ya sa wayarsa ta fito da ita."

"Ba ita ta kashe shi ba, Yaya. Kuma a rijiyar Baba za ta mutu. Haka kake so a riƙa tunawa da shi?"

Nomau ya ɗaga kai ya dubi soronsa. Azara mai tsawon da za ta haye bakin ramin babu ita ko'ina sai a rufin soronsa. Ya ɗauki gatari ya hau ya fasa rufin ɗakinsa, matarsa na kwashe yara tana kuka. Ya saɓo azarar ya ƙetare wayar da ya rantse a kanta, ya gicciye ta a bakin rijiya, ya tsaya a kai da igiya a hannu. Da bai yi haka ba, da ba wanda ya isa bakin ramin. Ruwan da aka yi da la'asar ya narkar da soron ya zama tsibin laka.

Saura mai shiga. Mai Waya ya leƙa, ya ga ƙunci da duhu, ya ja da baya. Leburori kowa ya sunkuyar da kai. Tunau ya tuɓe rigarsa, tabon bulala a fili kowa na gani, ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "Yaya, riƙe da kyau, ka san ni da nauyi." Ya sauka. Ya tarar da yarinyar cikin laka har ƙirji, ya tono ta da hannu, ya kwance igiyarsa ya ɗaura mata, aka ja ta sama. Kafin a mayar masa da igiyar, gefen rijiya ya zubo masa a ƙafa. An fito da shi, amma ƙafar ba ta sake ɗaukarsa a kunya ba. Da bai shiga ba, da gawa za a ciro.

Hilda ta rayu. Da ta warware, Mai Waya ya kira su uku, ya zauna a kujera, su suna tsaye a rana. Ya ce shi mutum ne mai cika alkawari, su faɗi sunan wanda za a ba.

Dije ta ce, "A ba mu tare. Ubanmu ɗaya."

Ya girgiza kai. Ya ce a ƙasarsu gona ba ta rabuwa, mutum ɗaya ke gadonta, kuma ba zai yarda a yanka masa fili gunduwa-gunduwa a cikin wayarsa ba. Mutum ɗaya da iyalinsa kaɗai za a buɗe wa ƙofa.

Nomau ya ce, "Gonar ubanmu kake ba mu tukuici, har da sharaɗi?"

Mai Waya ya ce in ba su kawo suna kafin a cire gyaɗa ba, maganar ta mutu. Ya dubi Dije ya ce ita za ta kawo masa, tunda kullum tana gidan.

Ku dubi wannan rashin kunya. Ya ƙwace, ya rufe rijiya da ruɓaɓɓen katako, aka ceto masa 'ya daga ramin da shi ya haddasa, sannan ya mayar da 'yan uwa uku abokan takara a kan abin da yake nasu tun asali.

Amma fushi ba ya cika rumbu, kuma ganyen gyaɗa ya fara ja. Dije ta rasa barci. Nomau ne babba, ya karya rantsuwarsa, 'ya'yansa na kwana a zauren maƙwabta. Tunau ya ba da ƙafarsa, ba mai ɗaukarsa aiki, ko an ba shi gonar sai dai wani ya nome masa. Ita kuma, wadda ba don ita ba da ba a ma san inda za a nufa ba, an ce za a sallame ta a ƙarshen kaka don ta ƙi bin umarni, ba ta da miji, ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa. In ta yi shiru, duka ukun sun rasa.

Ranar da aka fara cira, ta hau matakalar gidan. Hilda ta rugo ta riƙe mata zane. Mai Waya ya ɗago kai ya ce, "To, wa?"

Ni ma ku nake tambaya. Wadda ta gano, ko wanda ya rushe ɗakinsa, ko wanda ya shiga rami: sunan wa ya kamata Dije ta faɗa?