Yadda Ƙishirwa Ta Shiga Idon Mutane

In kuna son sanin dalilin da ya sa mutum zai wuce buhun gero bai waiwaya ba, amma ya ga ɗan abu mai ƙyalli da bai fi ƙwayar wake ba ya tsaya baki buɗe, to ku matso, yara, ku ji. Ba haka aka faro ba.

A zamanin da, idon mutane bai damu da ƙyalli ba ko kaɗan. A wani ƙauye da ake kira Gangaren Tsamiya, zinariya a zube take a bakin hanya kamar tsakuwa. Da ita ake tokare ƙofa, da ita ake jifan akuya in ta shiga shanya. Mata ma ƙorafinta suke yi, wai ga nauyi, ga shi ko niƙa ba ta yi.

Shi kuwa ruwa a lokacin ba ya walƙiya. Fuskarsa a dushe take, launin ƙasa sak. In ana son a gano sabon tafki, sai dai wani ya faɗa ciki. Duk tafkin da ke ƙasar, da sunan wanda ya fara faɗawa ake kiransa.

Ana nan sai aka yi wani fari mai tsanani. Rijiyoyi suka ƙafe, tafkunan da aka sani suka tsage. A ƙauyen akwai wata mata, Tabawa, matar Jatau masaƙi, tana goyon 'yarta Delu. Nono ya ɗauke mata, yarinya ta yi kuka har muryarta ta tafi. Tabawa ta miƙa wa mijinta ita, ta ɗauki tulu.

Jatau ya ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Zan je in faɗa a ruwa, Maigida. Ka yi mini addu'a."

Ta yi ta yawo a daji, rana na dukanta, leɓɓanta suka farfashe. Da ƙafafu suka gaza, ta hangi wani fili shimfiɗe a gindin dutse, ta ce bari ta zauna ta huta. Tana zama sai ji ta yi tsundum, har wuya.

Sai da ta sha ta ƙoshi, ta cika tulu, sannan ta fara yi wa ruwan faɗa. Ta ce, "Kai dai ba ka da kirki! Mutane na mutuwa, kai ka lafe a nan ka yi shiru."

Ruwa ya ce, "Baiwar Allah, ban ɓuya ba. Tun ɗazu kike zagaya ni. Har majina kika fyace a gefena."

"To ka yi wata alama mana, a riƙa hango ka daga nesa."

Ruwa ya ce, "Wannan ba wuya. In na buɗe wa rana fuskata zan yi ƙyalli. Amma me zai amfane ku? Ga zinariya can tana ta ƙyalli a garinku, akuya kuke jifa da ita. Idonku ne ba ya so. Sai dai in ɗebi kaɗan daga ƙishirwar da ke maƙogwaronki in mayar a idonki."

Tabawa ta ce, "Mayar."

"Tsaya ki ji. Maƙogwaro in ya sha moɗa ɗaya ya yi shiru. Ido ba shi da ciki. Ban san inda zai riƙa zuba abin da ya sha ba."

Ta ce, "'Yata tana can ko kuka ba ta iyawa. Mayar, na ce."

Ruwa ya ce ta wanke fuska. Tana wankewa ta ɗago, sai ga tafki yana walƙiya. Ta dubi gabas, ta hango wani can yana ƙifta mata ido. Ta koma gida da gudu, ta ɗiga wa Delu ruwa a baki har yarinya ta farfaɗo. Ta kwaso mutanen gari kaf, kowa ya wanke fuska. Daga ranar ba wanda ya sake mutuwa da ƙishi a Gangaren Tsamiya.

Bayan damina ta sauka, wata rana Tabawa tana shara sai idonta ya faɗa kan dutsen zinariyar da ke tokare da ƙofar ɗaki. Ta ji yawu ya tsinke mata. Ta ɗauka, ta goge da bakin zane, ta zauna tana kallo.

Jatau ya ce, "Ƙofa tana rufewa."

Ta ce, "Ta rufe."

Kafin tuwo ya nuna sai ga Barmani maƙwabciyarta ta yi sallama. Ta ce, "Na zo karɓar dutsen da na jefi akuyarki da shi bara."

Tabawa ta ce, "Akuyata kika ba, ai ya zama nata."

Aka yi kaca-kaca, har aka daina aron turmi tsakanin gidajen biyu. Maƙerin gari ya ajiye gyaran fartanya ya koma ƙera 'yan kunne da awarwaro. Jatau ya ce shi abin mata bai dame shi ba, amma aka lura ya sa zobe, kuma ko magana yake da wannan yatsan yake nuni.

Abin ya ishi Tabawa, ta koma wurin Ruwa. Ta ce, "Ka karɓi abinka. Gari ya lalace. Kowa kallo yake yi, ba ya ƙoshi."

Ruwa ya ce, "Ai na faɗa miki. Amma ba komai. Cire wannan na kunnenki ki jefo, in janye ƙishin daga idon kowa. Sai ku koma faɗawa kamar da."

Tabawa ta kai hannu kunne, ta sunkuya za ta cire. Sai ta ga wata mata a fuskar ruwan, da abu yana wal-wal a kunnenta. Ba ta taɓa ganin kanta da shi ba. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta daɗe a haka.

Ruwa ya ce, "Ina jira."

Ta ce, "Yau dai rana ta yi. Zan dawo gobe."

Ba ta dawo ba. Tana zuwa ɗiban ruwa kullum, su gaisa, ba mai ta da maganar.

Shi ya sa har yau ido bai iya bambanta ruwa da zinariya ba, duk abin da ya yi ƙyalli sai ya ji ƙishi ya taso masa. In kuna musu, ku lura da jariri in ya kamo ɗan kunnen uwarsa. Ba ya tambayar ko na gaske ne. Baki yake kai shi, zai sha.