Kyanwar da Ta Amsa da Hausa

Wai wata mata ce, Tabawa, ta yi wata uku tana zagaye Kaduna neman ɗakin haya da kyanwarta a kwando. Duk inda kuɗin ya yi mata daidai, sai a ce ba a son dabba. Ana gobe wa'adin tashinta daga gidan da take zaune, ta samu ɗaki mai araha a Rigasa, gidan Alhaji Mamuda.

Alhaji ya leƙa kwandon, ya dubi dattawan da ke zaune a ƙofar gida. "Ku shaida, wanda ba ya jin Hausa ba ya zama gidana. In kyanwar nan ta amsa tambaya da Hausa, ta zauna."

Tabawa ta ce, "Ko tambaya ɗaya ce, Alhaji?"

"Ɗaya tak!"

Tabawa ta kwance bakin zane, ta ɗaga kuɗin hayar shekara. Maƙogwaron Alhaji ya yi ƙut.

"'Yar albarka, me Alhaji ya haɗiye yanzu?" Ta ɗan matsa wa kyanwar wutsiya.

"Miyau!"

Dattawa suka kwashe da dariya. Babbansu ya share hawaye ya ce, "Mamuda, ta amsa, kuma ba ta yi maka ƙarya ba. Miƙo makulli."