Kukar da Ta Haɗiye Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari na kan iyaka akwai wata kuka mai kogo. Al'adar garin, duk mai ƙetarewa sai ya ajiye curin fura a kogon, saboda baƙon da zai iso da yunwa. Aka sa wani mutum, Barmo, tsaron wurin. Barmo kuwa ba ya ganin fura ya kau da kai.

Ran nan fatake suka ajiye, sai ya lamushe. Kuka ta ce, "Barmo, ina furar baƙo?" Ya ce, "Hankaka ya ɗauke." Kashegari ya sake, ya ce biri ne. Rana ta uku ya ce gafiya ce. 

Da rana tsaka sai ga wani tsoho daga ƙetare yana jan ƙafa. Barmo ya duba, ya gane shi. Malam Jatau ne, uban matarsa, ya zo ganin jika. Ko guzuri bai ɗauko ba, don ya san wanda ke tsaron kukar.

Tsoho ya sa hannu a kogo, ya ji wayam. Ya ce, "Ɗana, yau ba a ajiye komai ba?"

Barmo ya durƙusa, ya ce, "Baba, dabbobi ne suka dame mu."

Sai hankaka ya sauko, biri ya diro, gafiya ta leƙo. Suka ce, "Mu? Malam, dubi gemunsa."

Tsoho ya duba, ga fura nan ta bushe a gemu. Da ma ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. Sai ya laluba aljihu, ya fito da ɓarin goronsa, shi ke nan abin da ya rage masa. Ya ce, "Ashe yunwa kake ji, ɗana. Ungo."

Kunya ta rufe Barmo, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Kuka, don Allah ɓoye ni!"

Kuka ta buɗe, ya faɗa ciki, ta rufe. Tsoho ya yi ta kira, "Fito, na yafe maka." Barmo yana ji, amma da wane ido zai fito?

Shi ya sa har yau kukar nan take da ƙaton ciki. Ku kuma, kada ku taɓa rabon baƙo, don ba ku san wa ke tafe ba.

Kurunkus, na sauke ta nan.