Muryar da Kaka Ba Ta Ji Ba

Akwai wani mutum mai tsara wa ikilisiya waƙoƙi, yana da 'ya'ya mata biyu, Damaris da ƙanwarta Briskila. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, idanunta sun dushe, da kunne take gane jikokinta.

Da bikin godiyar girbi ya kusa, sai ya tsara wa 'yan matan waƙa mai murya biyu. Briskila ba ta taɓa waƙa a gaban jama'a ba, burinta kuwa kakarta ta ji ta. Don kada ta ɓace a hanya, uban ya sauƙaƙa mata. In Damaris ta hau, ita ma ta hau. In ta sauka, ta sauka. Karin waƙar ɗaya ne, sai dai nata yana ƙasa.

Suka gwada a tsakar gida, Kaka tana saurare. Da suka gama ta ce, “Madalla, Damaris. To ke Briskila, kunya ce ta hana ki buɗe baki?”

“Kaka, ai da ni aka yi! Har maƙogwarona yana zafi.”

“Ni dai mutum ɗaya na ji, ƙawata.”

Yarinyar ta fashe da kuka. Uban ya gane muryoyin sun manne, babbar ta haɗiye ƙaramar. Ya zauna ya sake tsara waƙar, ya ce, “In yayarki ta hau, ke ki sauka. In tana gudu, ki riƙe wurinki.”

“Baba, zan ɓace.”

“Za ki ɓace, mu sake, har ki iya.”

Ta ɓace sau da yawa. Ran Lahadin bikin, a coci, suna cikin baitin farko, sai Kaka ta dafa matar da ke kusa da ita, ta ce da ƙarfi, “Kin ji ta ƙasan nan? Briskilata ce!”

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Mai tsara waƙar mu ne, iyaye da malamai. Saboda ƙauna mukan ce wa yaro, “Yi yadda yayarka take yi,” har mu rasa shi yana tsaye a gabanmu. Allah bai ba kowa murya don ta ɓuya cikin ta wani ba. Waƙar ɗaya ce, Ubangijinmu ɗaya ne, amma kowa da hanyar da aka tsara masa. Yau in kun koma gida, ku kasa kunne. Muryar wa kuka daɗe ba ku ji ba?