Gammo Babu Tulu

To, ku matso kusa, kowa ya kife wayarsa a cinya. Labarin waya ne zan ba ku, amma da kunne ake jin sa.

Akwai wata tsohuwa ana kiran ta Inna Hansai, mutuniyar Gangaren Tsada. Kada ku wahalar da kanku neman garin, yana ƙarƙashin ruwa. Tun tana amarya aka yi madatsa, ruwa ya shanye shi har da kukar bakin kasuwa. Ranar tashi abu ɗaya ta ɗauko a ka, 'yar kujerar tsuguno da kakarta ke zama a kai tana ba da labari. A gidansu mutum ɗaya ake bar wa kujerar, kuma wanda ya gaje ta shi ke gadon labaran. A kanta Inna ta zauna a birni tana ba 'ya'yanta uku labarin mutanen garin, har suka san su kamar maƙwabta.

A birni mijinta ne kaɗai ya rage wanda za ta ce wa "ka tuna?" ya ce "na tuna". Da ya rasu sai Inna ta yi shiru. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, magana ce kawai ta ƙi zuwa. Tana zaune bakin taga, a ganinta ruwan nan ne ya biyo ta birni ya cika ɗakin a hankali, 'ya'yanta suna motsa baki can sama ba ta jin komai. Damina ta wuce, abinci ma sai an yi da gaske, ta rame. Tsoro ya kama yaran. Suka ce tunda ba za a iya kai Inna garinsu ba, bari a kawo mata garin. Za su yi katun, zanen nan mai motsi da kuke kallo a intanet kashi-kashi, zangon farko duka a kan mutanen Gangaren Tsada.

Babban, Mudassir, shi ne mai zane. Babu hoto ko ɗaya na mutanen, sai abin da ya ji daga bakin uwarsa. Bai cusa su gaba ɗaya ba, kowane kashi mutum guda ya fito da shi. Da farko Delu, ƙawar Inna ta ƙuruciya, mai wushirya da tafiyar agwagwa. Sai Tanko masunci, gwarzon da ke tsoron kwaɗo. Sai Buba mai jaki, wanda jakinsa ya fi shi sanin hanya. Ya zana fuskar Delu ya goge, ya sake zanawa, har yatsunsa suka kumbura. Da aka jingina wayar a gaban Inna, idonta ya bar taga ya sauka a kan wushiryar nan.

Ta biyu, Lawiza, ita ce mai murya. Ta ce zane babu murya ai gunki ne. Ta bi sawu har ƙauyen da ragowar mutanen garin suka zauna, ta yini cikin tsofaffi tana taya su ɓarar gyaɗa, tana sauraron yadda suke jan ƙarshen magana. Ta ba kowa a cikin katun ɗin gaisuwar da za a gane shi da ita tun kafin a gan shi. Delu kuwa ta sa ta tana dariya kafin ta ƙarasa zance, kamar yadda Inna ta sha faɗa. Da Inna ta ji, leɓenta ya soma motsi, ko da yake sauti bai fito ba.

Autan, Nafi'u, 'yan'uwansa suna ganin ba ya aikin komai, don shi launi da sauti kawai yake zaɓa. Su sun so kiɗa mai zafi da guje-guje irin na katun ɗin zamani. Aka gwada, Inna ta juya fuska ga bango. Nafi'u ya cire kiɗan. Ya rina garin duka da launin hantsi bayan an ɗauke ruwan sama, ya rage saurin komai har hayaƙin murhu ya riƙa tashi a kasalance. Ya je bakin madatsar ya naɗo kukan kurciya da motsin ruwa, ya sa ƙarar taɓarya can nesa. Ranar Inna da hannunta ta jawo wayar kusa.

Mutane a intanet suka yi ta kallo suna yabo, amma yaran nan mai kallo ɗaya suke jira.

Aka zo kashin ƙarshe. Jama'ar gari sun hallara a gindin kuka, Delu tana haurowa daga rafi. A nan 'yan birni suka yi abin 'yan birni, don cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a ka. Mudassir ya zana gammo, ya mance tulu. Lawiza ta yi kira da muryar Delu: "Hansai, zo ki sauke ni!" Nafi'u kuma ya sa ƙarar ruwa yana kaɗawa a cikin tulun da babu shi. Ba wanda ya lura.

Inna ta ji an kira sunanta babu "Inna". Ruwan da ya cika ɗakin ya janye, ta ji ƙasa mai danshi a tafin ƙafa, ga ƙamshin dawa ana surfe. Ta miƙa hannu biyu za ta sauke ƙawarta, sai ta tsaya.

"Ke Delu," in ji ta, muryar a dushe, "ashe har yau ba ki daina shiririta ba? In sauke miki me? Ina tulun?"

Ta yi dariya har hawaye ya zubo, yaran kuwa kuka suke sosai. Ta dube su ta ce, "Kai, 'yan birni! Wa ya taɓa ganin gammo babu tulu? Lawiza, dama mini kunu, yunwa nake ji."

Da ta murmure ta sa aka ɗauko kujerar, ta ce za ta ba wanda ya dawo da ita hayyacinta, shi za ta zuba wa sauran labaran da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ta rasa wanda za ta zaɓa. Ba don fuskar da Mudassir ya zana ba, da ba ta ɗago ido ba. Ba don kiran Lawiza ba, da ba ta amsa ba. Ba don Nafi'u ba, da tun farko ta ba su baya, kuma ƙarar ruwansa ce ta sa ta nemi tulu. Ko kuskuren ma tare suka yi shi. Ga uwa na son ukun duka, kujera kuwa mutum ɗaya take ɗauka.

To jama'a, ku da kuka ji, wane ne a cikin ukun nan ya kamata Inna Hansai ta miƙa wa kujerar?