Malam Habila da Firintar da Ta Ƙi Tsayawa

Akwai wani mutum a wani gari, ana ce masa Malam Habila. Shekara talatin da biyu ya yi yana duba rubutu a wata maɗaba'a. Shi ne mai karanta kowane shafi kafin a buga, ya kamo harafin da ya ɓace da wanda ya shiga inda ba wurinsa ba. Da ya yi ritaya, idonsa bai bi shi ritayar ba. Allon mai shayi, katin gayyatar biki, jerin waƙoƙin ranar Lahadi, babu wanda ya tsira. Matarsa Laraba har ta daina rubuta masa sautun kasuwa, sai dai ta faɗa da baki, domin takardar takan dawo gida cike da jan biro, wani lokaci ma ba a sayo daddawar ba.

A garin nan kuwa akwai wata ƙungiya ta masu aikin kwamfuta. Sun haɗa kai suna gina babbar manhaja, irin wadda kwamfuta ke dogara da ita tun daga kunnawa har kashewa. Ita ce ke gaya wa allo ya haska, ita ce ke gaya wa firinta ta buga takarda. Kyauta suke ba da ita ga makarantu da ofisoshin ikkilisiya. Shugabarsu Rifkatu ce, 'yar ƙanen Malam Habila.

Wata rana ya tarar da ita tana aiki, ya leƙa ta bayan kafaɗarta kamar yadda ya saba leƙa kowa. Ya ce, "Wannan kalmar ba haka ake rubuta ta ba."

Rifkatu ta yi dariya, ta jawo masa kujera. Ta nuna masa cewa rubutun manhaja iri biyu ne. Akwai umarni, wanda na'ura ke karantawa ta bi. Akwai kuma bayani, wanda magina ke barin wa junansu a tsakanin layukan umarni, don wanda zai zo daga baya ya gane abin da aka yi. Kowane bayani yana da alamar buɗewa a farkonsa da alamar rufewa a ƙarshensa, kamar shinge. Duk abin da ke cikin shingen, na'ura takan tsallake shi, ba ruwanta.

Ta ce, "Baba, bayanan nan sun fi dubu goma, kuma a gaggauce muka rubuta su. Ba wanda yake da lokacin gyara su."

Malam Habila ya gyara zaman tabaraunsa. Ranar bai ci abincin rana a kan lokaci ba.

To, ƙungiyar nan tana da ƙa'ida. Kowane gyara, suna kiransa faci, sai mai shi ya aika tare da dalilinsa, sa'an nan wani dabam ya karanta ya rubuta a ƙasa cewa ya duba, kafin a shigar da shi cikin manhajar. Ba mai shigar da aikin kansa, ko da Rifkatu ce. Malam Habila ya bi ƙa'idar nan wata shida. Yau faci uku, gobe biyar, kuma ba a taɓa samun ko ɗigo na kuskure a cikinsu ba. Mutanen ƙungiya suka yi ta jin daɗinsa, suka sa masa suna Idon Gida. Sunan nan ya yi masa daɗi fiye da yadda ya nuna, kuma ya nuna da yawa.

Sai jira ya fara isar sa. Ya sami Rifkatu ya ce, "'Yata, tun ba a haifi yawancinku ba nake duba rubutun mutane. Yanzu sai in zauna kwana biyu ina jiran wani ya duba mini waƙafi? Ke da bakinki kika ce na'ura ba ta karanta bayani."

Rifkatu ta sassauto. Aiki ya yi mata yawa, ga kuma nauyin baba. Ta ce, "Shi ke nan, Baba. Zan ba ka mabuɗi, ka riƙa shigar da naka da kanka. Amma bayani kawai." Mabuɗin ba na ƙarfe ba ne, izini ne a cikin kwamfuta, amma Malam Habila ya koma gida yana tafiya kamar yana kaɗa shi a aljihu.

Da ya ga ba mai tsayar da shi, sai ya daina aika faci ƙanana. Ya tara gyara ɗari uku da sittin a dunƙule ɗaya, ya rubuta a kai, "Bayani kawai," ya shigar ranar Alhamis da safe. A ranar ce kuma aka shigar da aikin wani mutum mai suna Kefas. Kefas magidanci ne, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, kuma shi ke riƙe da sashen firinta shekara shida. Wata takwas ya yi yana sabunta sashen, bayan ya tashi daga shago. An duba aikinsa yadda ƙa'ida ta ce. Da yamma aka aika wa kowa sabuwar manhaja.

Ranar Juma'a gari ya ɗauka. Sakataren wata ikkilisiya ya nemi firinta ta buga masa jerin waƙoƙi shafi ɗaya, ta buga, ta sake bugawa, ta ci gaba har takarda ta ƙare. Ya ƙara mata takarda don ya ga iyakarta, ta cinye. A wata makaranta hedimasta ya nemi takardar jarrabawa ɗaya ya duba, ya fita shan ruwa, ya dawo ya tarar ofis ya yi fari fat har bakin ƙofa. Ko'ina labari ɗaya ne, firinta ba ta tsayawa sai an zare mata waya daga bango.

Ido duka ya koma kan Kefas. Wa kuma za a duba? Firinta ce ta haukace, shi ne mai firinta, jiya-jiya aka shigar da aikinsa. Ya rufe shago, ya bi layukansa ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu suka taya shi, ba su ga komai ba. Facin Malam Habila kuwa ba wanda ya buɗe, tun da an rubuta a kansa bayani ne kawai. Daga ƙarshe Rifkatu ta aika saƙo ga kowa: idan ba a gano matsalar ba kafin taron Asabar da la'asar, za a cire aikin Kefas gaba ɗaya, a miƙa sashen firinta ga wani. Ba da fushi ta rubuta ba, amma makarantu suna jira.

Malam Habila ya karanta saƙon ya girgiza kai. Ya ce wa Laraba, "Mutanen yanzu ba sa natsuwa a kan aiki. Gaggawa ke kashe su."

Ranar Asabar da hantsi ya zauna a inuwar zaure da kofin kunu, ya buɗe babban facinsa. Ba kuskure yake nema ba. Sha'awar aikinsa ce ta kama shi, yadda manomi ke zaga gonarsa bayan ya gama noma. Yana cikin karatu, tsohuwar al'adar maɗaba'a ta motsa, yatsansa ya soma bin alamomi: buɗewa, rufewa, buɗewa, rufewa. Can wajen gyara na ɗari biyu da wani abu, a cikin wani tsohon shafi da ba a taɓa ba shekara da shekaru, ya ga buɗewa, ya nemi rufewa ya rasa.

Ya goge tabarau ya sake dubawa. Babu. A wurin share wasu ɗige-ɗige da suka yi yawa a ƙarshen layi, hannunsa ya haɗa da alamar rufewa ya share. Shingen ya zauna a buɗe, na'ura ta ɗauka bayani bai ƙare ba, ta tsallake layuka biyu na umarni da ke ƙasa har ta kai ga shinge na gaba. Ko shi da bai iya umarni ba ya gane aikin layukan, domin bayanin da ya gyara da hannunsa ya faɗa: a nan ne ake gaya wa firinta shafuka sun cika, ta tsaya.

Kunu ya huce a kofi.

Sai wata dabara ta zo masa, kuma ta zo da sauƙi ƙwarai. Mabuɗi yana hannunsa. Da la'asar za a cire aikin Kefas. Idan ya mai da alamar nan a daidai lokacin, ya rubuta "Bayani kawai" kamar kullum, firinta za ta warke, kowa ya ce ai daman aikin Kefas ne. Makarantu su huta, manhaja ta gyaru, Idon Gida ya ci gaba da zama Idon Gida. Har ya shirya facin, ya ajiye shi, saura danna maɓalli ɗaya.

Laraba ta fito ɗaukar kofi, ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya? Ka yi zuru kamar wanda aka aiko wa sammaci."

Ya ce, "Kin san Kefas mai rediyo?"

Ta ce, "Mijin Tabita? Ai jiya na gan ta a kasuwa. Ta ce tun safe ko tuwo ba ya iya ci, wai ya kunyata ƙungiya."

Malam Habila ya rufe kwamfuta. Ya shiga ɗaki ya ɗan jima a durƙushe yana addu'a, da la'asar ta yi ya sa babbar riga ya fita.

A ɗakin taro ya tarar da mutum goma sha ɗaya, ga firinta a kan tebur an zare mata waya. Kefas yana zaune a ƙarshen benci, kansa a sunkuye. Rifkatu ta buɗe baki za ta fara magana, sai tsohon ya ɗaga hannu.

Ya ce, "'Yata, ki dakata. Kada a taɓa aikin Kefas. Ni ne."

Ya buɗe shafin, ya nuna musu wurin da yatsa. Bai tsaya nan ba, ya faɗi dabarar da ta zo masa da hantsi, da facin da ya shirya a ɓoye. Wannan ya fi masa wuyar faɗa fiye da na farkon. Ya ce, "Ki karɓi mabuɗinki. Kefas, na sa ka a wahala, kuma na kusa ƙara maka. Ka gafarce ni."

Kefas ya ɗago kai, ya dubi allo, ya dubi tsohon. Sai dariya ta kufce masa, irin ta wanda aka sauke wa kaya, har da hawaye. Ya ce, "Baba, alama ɗaya? Na bi layi dubu huɗu, har na fara zargin kakannina!"

Rifkatu ta ce, "Laifin ba na Baba kaɗai ba ne, ni na karya ƙa'ida na ba da mabuɗin. To, ga faci yana jira. Wa zai duba?"

Kefas ya ce, "Ni." Ya miƙa hannu, "Baba, ara mini tabarau."

Faci ne mai alama ɗaya tak, amma Kefas ya karanta shi sau uku, a hankali, yana gyaran murya, tsohon yana tsaye yana jira kamar ɗan makaranta. Sa'an nan ya rubuta a ƙasa cewa ya duba. Aka shigar, aka mai da wayar firinta, aka ce ta buga shafi ɗaya. Ta buga. Kowa ya riƙe numfashi. Ta yi shiru. Ɗakin ya kaure da tafi da shewa, har masu wucewa suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Aikin Malam Habila aiki ne mai kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce na hana gyara. Ikkilisiya tana bukatar masu ido, masu lura da ƙananan abubuwan da sauranmu muke tsallakewa. Amma mai gyara ma mutum ne, kuma wanda ya daɗe yana gyara wasu shi ya fi saurin manta wannan. Ubangiji bai ba kowa idon da zai ishe shi duba kansa ba, shi ya sa ya sa mu cikin jama'a. Dattijo ne kai, ko shugabar zumuntar mata, ko mai wa'azi kamar ni, ranar da ka ce ka wuce a duba ka, ranar ka fara zama haɗari ga na kusa da kai. Abin da muke kira ƙarami kuwa, 'yar maganar da muka yar a bakin rijiya muka ce ai hira ce kawai, sau da yawa ita ke hana gidan wani zaman lafiya.

Amma ba kuskuren ne ya fi damuna ba, kowa yana yi. Abin da nake so ku riƙe shi ne hantsin nan na Asabar. Gyara a ɓoye da tuba ba abu ɗaya ba ne. Da tsohon ya danna maɓallin nan, da firinta ta warke sarai, Kefas kuwa ya tafi gida da laifin da ba nasa ba har ƙarshen ransa. Allah ba na'ura yake so ya gyara ba, mutane yake so ya sulhunta, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da baki.

Saboda haka ka bincika zuciyarka. Wataƙila akwai wanda ake yi wa kallon banza a gidanku, ko a wurin aiki, ko a kan bencin nan da kake zaune, a kan abin da kai ka san hannunka ne. Ka riga ka gyara abin, ba wanda ya gani, kana ce wa kanka magana ta wuce. Ba ta wuce ba, tana kan wuyan ɗan'uwanka. Kada ka jira wata Lahadi. Idan an tashi daga sujada, kafin ka nemi takalmin yara, je ka same shi ka ce, "Ni ne."